Haƙoran Yara Da Aljihun Hukuma

Kowace shekara idan lokacin tsara kasafin kuɗi ya zo, malaman ofis su kan zauna su jera abubuwan da hukuma za ta kashe wa kuɗi ta fannin lafiya: allurar rigakafi, gidan sauro, maganin zazzaɓi, albashin ma'aikata, gyaran rufin asibiti. Duk waɗannan wajibi ne, ba mu da ja a kansu. Amma akwai abu guda wanda ba safai a ke ganin layinsa a takardar ba, watau haƙoran ƙananan yara. Rashin rubuta shi kuwa bai hana a biya kuɗinsa ba. Ana biya, sai dai daga aljihun uban yaro, a makare, da tsada, bayan yaron ya riga ya sha wuya.

Ra'ayinmu a kan wannan al'amari shi ne, ruɓar haƙori idan ta yi tsanani a bakin ƙaramin yaro, maganinta yana da tsada ƙwarai, kuma ba ya ɗorewa kamar yadda mutane su ke zato. Saboda haka ɗan abin da hukuma ta ke da shi don wannan aiki ya fi amfani a makaranta da ƙaramin asibitin gunduma bisa ga a ɗakin tiyata. Za mu kawo dalilanmu, tare da lissafin da waɗanda suka riga mu shiga wannan wahala suka yi, don mai karatu ya auna da kansa.

"Ai zai yi famfara"

Da farko sai mu kau da wata magana da ta zauna a bakin jama'a. In aka nuna wa uwa ko uba baƙin tabo a haƙorin ɗansu mai shekara 3, amsar da a kan ji ita ce, "Ai haƙoran nono ne, zai yi famfara." Gaskiya ne zai yi, amma yaushe? Haƙoran nono guda 20 ne. Na farko ya kan fito yaro yana wajen wata 6, su kan cika kafin ya gama shekara 3. Famfara ta kan soma wajen shekara 6 da haƙoran gaba, amma turamen ciki, waɗanda ya ke tauna da su, ba su faɗuwa sai yana tsakanin shekara 9 da 12. Ashe ke nan turmin da ya ruɓe yaro yana shekara 3, akwai sauran aikin shekara 7 ko 8 a gabansa. Wa zai ce wa babban mutum ya yi haƙuri da ciwon haƙori har tsawon wannan lokaci?

Ban da wannan, haƙoran nono su ne ke riƙe wa na dindindin wuri. In aka cire ɗaya tun lokacinsa bai yi ba, maƙwabtansa su kan matso su toshe gurbin, sa'an nan sabon ya fito a karkace. In mugunya ta taru a saiwar haƙorin nono, tana iya ɓata na dindindin da ke kwance a ƙarƙashinsa tun bai fito ba. Yaron da bakinsa ke ciwo ba ya cin abinci sosai, ba ya barci, kuma ba ya barin uwarsa ta yi. Malaman makaranta sun san irinsa: shi ne mai kifa kai a kan tebur, ya dafe kunci, ana karatu hankalinsa yana wani wuri. Akwai kuma wani haɗari da iyaye da yawa ba su sani ba. Wajen shekara 6 turmin farko na dindindin ya kan fito can ƙurya, bayan na nono, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Sai a ɗauka shi ma na famfara ne, a bar shi ya ruɓe, alhali kuwa babu wani mai zuwa a bayansa.

Yadda ruɓar ke samuwa

Mutanenmu kan ce tsutsa ce ke cin haƙori. Ba tsutsa ba ce. A jikin haƙori akwai wani datti mai yauƙi inda ƙwayoyin cuta ke zaune, waɗanda ido ba ya gani. Abincinsu sukari ne. Duk sa'ad da sukari ya shiga baki, sai su ci su fitar da wani ruwa mai tsami, shi kuwa tsamin nan ya riƙa narkar da farin ɓawon haƙori har wajen rabin sa'a ko fiye, kafin miyau ya wanke shi ya soma gyara ɓarnar. Saboda haka yawan maimaitawa ya fi yawan sha lahani. Yaron da ke tsotsar alewa sau 6 a wuni ya fi wanda ya sha zaƙinsa sau ɗaya tare da abinci shiga haɗari. Da dare kuma miyau ya kan ragu, shi ya sa yaron da a ke kwantarwa da fida cike da shayi ko madara mai sukari, haƙoransa na gaba na sama su ke fara lalacewa. Ɓawon haƙorin nono bai kai na manya kauri ba, don haka ɓarnar ba ta daɗewa ta ke kai wa jijiya.

Alamar farko ba rami ba ce, wani farin zane ne kamar alli a gindin haƙori, dab da dasashi. A wannan mataki ana iya tsai da ciwon, har ɓawon ya sake ƙarfi, da abin da bai taka kara ya karya ba. In aka bari ya zama kogo, kuɗin ya ƙaru. In ya kai jijiya ya yi mugunya, kuɗin ya ninka. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin rahotonta na 2022, ta ƙiyasta yara miliyan 514 ne a duniya ke da ruɓa a haƙoransu na nono. Wannan ba ƙaramar cuta ba ce.

Abin da magani a makare ke ci

Don mu ga tsadar abin a fili, sai mu duba Ingila, domin can gwamnati ce ke biyan kuɗin asibitin yara, kuma malamanta suna rubuta kowane fam da aka kashe. A can, ruɓar haƙori ita ce babban dalilin da ke sa a kwantar da yara 'yan shekara 5 zuwa 9 a asibiti. A shekarar kuɗi ta 2022 zuwa 2023, an yi aikin cire ruɓaɓɓun haƙora fiye da sau 31,000 ga yara da matasa 'yan ƙasa da shekara 20 a asibitocin gwamnati, aka kashe sama da fam miliyan 40. In ka raba, kowane aiki ya tashi kimanin fam 1,300.

Me ya sa tsadar ta kai haka? Dalili shi ne yaro mai shekara 3 ko 4 ba zai zauna ya buɗe baki a yi masa allura a cire haƙori 5 ko 6 ba. Dole a sa shi barci. Sa barci kuwa yana bukatar likitansa na musamman, da ma'aikatan jinya, da ɗakin tiyata, da iskar numfashi, da wutar lantarki marar yankewa, da gadon farfaɗowa. Kuma ba ya rasa haɗari. Bayan waɗansu yara sun rasu a kujerar likitan haƙori, gwamnatin Ingila ta hana yin wannan aiki a wajen asibiti tun daga ƙarshen 2001. Ban da kuɗin da hukuma ta rubuta, akwai wanda ba ya shiga littafi: kwanakin makaranta da yaro ya rasa, da kwanakin aiki da iyaye suka rasa, da watannin da a ke jira kafin layi ya zo.

In kuma aka ƙi yin komai, lissafin ya kan fi haka muni. A Amurka, cikin jihar Maryland, wani yaro ɗan shekara 12 ya rasu a 2007 bayan mugunyar haƙorinsa ta haura ta shiga ƙwaƙwalwa. An ƙiyasta cire haƙorin tun farko da bai wuce dala 80 ba, amma jinyar da aka yi masa daga baya ta tasam ma dala 250,000, kuma duk da haka ba a tsirar da ransa ba.

Shin maganin yana ɗorewa?

Kada a yi mana mummunar fahimta. Yaron da kuncinsa ya kumbura, yana zazzaɓi, ba ya iya ci, haƙƙinsa ne a cire masa haƙorin ko nawa ne kuɗin. Aikin yana raba shi da azaba, ya kan koma ci da barci da wasa. Wannan amfani ne na gaske. Amma likita haƙori ya ke cirewa, ba ya cire dalilin ruɓar. Yaron zai koma gidan nan, ga fidar nan, ga alewar nan, ga bakin da ba a gogewa. Likitocin da suka bi sawun irin waɗannan yara a ƙasashe dabam-dabam sun tarar da yawa daga cikinsu ruɓa ta kan sake ɓullowa a sauran haƙoran cikin shekara ɗaya ko biyu, har waɗansu a sake sa su barci karo na biyu. Kamar mai yayyafin rufi ne da ke kwashe ruwa daga ɗaki kullum, bai hau ya toshe ɓular ba.

To, ciko fa, tun ruɓar ba ta kai jijiya ba? An yi babban gwaji a kan wannan a Biritaniya, mai suna FiCTION, da yara fiye da 1,000 'yan shekara 3 zuwa 7, aka buga sakamakonsa a 2020. An kasa yaran kashi uku. Kashi na farko aka rarake ruɓar da inji aka yi ciko, kamar yadda aka saba. Na biyu aka rufe ruɓar aka toshe ta ba tare da an rarake ta duka ba. Na uku ba a yi ciko ba, sai rigakafi kaɗai, watau goge baki da rage zaƙi da shafa magani. Aka bi su kusan shekara 3. Abin mamaki, ba a sami wani bambanci na a zo a gani ba tsakanin kashi ukun: a kowanne, wajen yara 4 cikin 10 sai da suka yi fama da ciwo ko mugunya. Darasin a bayyane ya ke. Da zarar kogo ya samu, ko wace hanya aka bi, yara da yawa sai sun sha wuya. Wurin da za a ci nasara yana can baya, kafin kogon ya samu.

Hanyoyi masu sauƙin kuɗi

Tsakanin farin zane da ɗakin tiyata akwai magunguna uku da ya kamata kowane malamin da ke tsara kasafin lafiya ya san sunansu.

Na ɗaya wani ruwan magani ne da aka haɗa da azurfa da sinadarin fuloraid, likitoci suna kiransa SDF a taƙaice. A Japan aka ƙirƙiro shi, a Jami'ar Osaka, cikin shekarun 1960, kuma Amurka ba ta ba da izinin sayar da shi ba sai a 2014. Ɗigo ɗaya ya kan isa haƙora da dama. A share haƙorin da auduga, a shafa, shi ke nan. Babu allura, babu inji, babu lantarki. In aka tattara gwaje-gwajen da aka yi, yana tsai da wajen kogo 8 cikin 10 a haƙoran nono, musamman in ana maimaitawa sau biyu a shekara. Aibinsa shi ne wurin da ya ruɓe ya kan koma baƙi ƙirin har haƙorin ya faɗi.

Na biyu shi ne ciko ba da inji ba. Wannan a nahiyarmu aka soma shi, a Tanzaniya, cikin shekarun 1980, ta hannun wani likitan haƙori ɗan ƙasar Holan mai suna Jo Frencken, saboda rashin wuta da kayan aiki a ƙauyuka. Da 'yan ƙananan ƙarafa na hannu a ke kwashe ruɓar mai taushi, sa'an nan a cike ramin da wani farin siminti na haƙori mai sakin fuloraid a hankali. Ya fi ƙarko a ƙaramin rami mai fuska ɗaya. Ana iya yinsa a kan benci a cikin aji.

Na uku 'yar hular ƙarfe ce da a ke kifa wa turmin nono ta rufe shi ruf, ba allura ba rarakewa, sai ƙwayoyin cutar su rasa abinci ruɓar ta tsaya. Wata likita a Sikotlan mai suna Norna Hall ce ta soma wannan hanya, da sunanta a ke kiranta, kuma gwajin da aka buga a 2007 ya nuna ta fi cikon da aka saba ƙarko.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da SDF, da wannan siminti, da man goge baki mai fuloraid cikin jerin magungunan da ta ce bai kamata wata ƙasa ta rasa ba. Amma fa duk ukun nan ba su da amfani ga haƙorin da ya riga ya yi mugunya. Amfaninsu yana ga wanda aka gano da wuri, ganowa da wuri kuwa aikin wanda ke kusa da yaro ne, ba na babban asibiti ba.

Abin da Sikotlan ta yi

Sikotlan ƙasa ce da ta yi ƙaurin suna wajen lalacewar haƙoran yara. A 2003, yara 45 kaɗai cikin 100 na 'yan shekara 5 aka samu ba su da ruɓa a fili. Tun daga 2001 gwamnatinta ta soma wani shiri wanda ba shi da wata kwalliya: kowane yaro a makarantar reno a ba shi buroshi da man goge baki, ya goge kullum a gaban malama. Daga baya aka faɗaɗa shi ƙarƙashin suna Childsmile, aka ƙara da shafa fuloraid da ziyartar gidajen marasa ƙarfi. Zuwa 2018, yaran da ba su da ruɓa sun kai 71 cikin 100.

Masana na Jami'ar Glasgow sun yi lissafin kuɗin. A shekarun da lissafin ya shafa, shirin goge bakin ya riƙa cin kimanin fam miliyan 1.8 a shekara. A 2003 zuwa 2004, abin da aka rage na kuɗin magani bai wuce fam miliyan 1.2 ba, watau bai mai da uwar kuɗi ba. Amma a 2009 zuwa 2010 ragin ya kai fam miliyan 4.7, fiye da ninki biyu da rabi na abin da a ke kashewa. Muna roƙon malaman baitulmali su lura da wannan da kyau. Da an yanke wa shirin hukunci a shekararsa ta uku, da an ce asara ce an soke shi. Ribarsa irin ta dashen itace ce, ba ta shukar gero ba.

Ingila ma ta yi nata lissafi a 2016, ta ga kowane fam ɗaya da aka kashe a goge baki a makaranta ya kan dawo da kimanin fam 3 bayan shekara 5. A 2025 ta ware fam miliyan 11 don soma irin wannan shiri ga yara 'yan shekara 3 zuwa 5 a unguwannin talakawa. Haka kuma bayan harajin da Biritaniya ta ɗora wa lemon kwalba mai sukari, wanda ya soma aiki a 2018, wani bincike ya nuna kwantar da yara don cire ruɓaɓɓen haƙori ya ragu da kimanin kashi 12 cikin 100, kuma ragin ya fi yawa a 'yan ƙasa da shekara 5.

Mu fa, ina mu ke?

Binciken da aka yi a garuruwan Nijeriya dabam-dabam ya nuna ruɓar haƙori ba ta yawaita a yaranmu kamar yadda ta yi a Turai ba, amma mafi yawan wadda ta samu ba a yi mata magani ko kaɗan. Wannan sauƙi da mu ke da shi ba gado ba ne da zai tabbata. Kakanninmu sun san rake da zuma da mazarƙwaila, amma jefi-jefi. Yau minti da biskit da cingam da lemon leda suna ƙofar kowace makaranta, kuma shayi mai sukari ya zama karin kumallon jarirai a birni da ƙauye. Likitocin haƙori kuwa kaɗan ne, yawancinsu suna manyan birane, kuɗin aikin kuma daga aljihu ne. Mutumin ƙauye da ɗansa ya kwana kuka sai ya nufi kemis ya sayi maganin kashe zafi, ko ya cusa kanumfari ko garin taba a ramin, waɗansu har ruwan batir su ke ɗigawa, wanda ke ƙona dasashi. In abin ya gagara, sai kuɗin mota zuwa birni, da kuɗin kati, da na kwana, da na aiki. In Ingila da dukiyarta ta ga wannan hanya ta fi ƙarfinta, mu da ba mu da ɗakunan tiyatar ma ba mu da dalilin jiran ta iso mu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mun san akwai masu ja. Wani zai ce, ga zazzaɓin cizon sauro, ga ƙyanda, ga tamowa suna kashe yara, wa ke ta haƙori? Ba mu ce a ɗebe kuɗin waɗannan a ba haƙori ba. Abin da mu ke nema ba ya bukatar sabon gini ko sabuwar ma'aikata, kan aikin da a ke yi zai hau. Kuma yaron da ba ya iya tauna, ai shi ne tamowa ke saurin kamawa.

Wani zai ce farashin Ingila ba namu ba ne. Gaskiya ne, fam ba naira ba ce. Amma jerin tsadar ɗaya ne ko'ina: buroshi ya fi ɗigon magani araha, ɗigon magani ya fi ciko, ciko ya fi tiyata. A wurinmu ma tazarar ta fi faɗi, domin a kan kuɗin tiyata akwai na tafiya mai nisa.

Wani zai ce ai muna da asuwaki. Madalla da asuwaki, addini ya kwaɗaitar da shi, kuma yana share haƙori sosai a hannun wanda ya iya. Kada a bar shi. Sai dai yaro mai shekara 2 bai iya shi ba, kuma abin da ya rage ruɓa a Sikotlan ba sharewa kaɗai ba ce, fuloraid ɗin da ke cikin man ne, mai ƙarfafa ɓawon haƙori. A haɗa su biyu.

Wani kuma zai ce fuloraid da kansa guba ne in ya yi yawa, kuma wannan ita ce hujjar da ta fi nauyi. A Langtang ta Jihar Filato an daɗe da sanin ruwan sha mai yawan fuloraid yana sa haƙora dabbare-dabbare. A Tibiri ta jihar Maraɗi, a Jamhuriyar Nijar, ruwan wata rijiyar burtsatse ya lalata haƙora da ƙasusuwan yara masu yawa daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa ƙarshen na 1990. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 1.5 a kowace lita ta ruwan sha. Saboda haka mu ba mu ba da shawarar a zuba fuloraid a ruwan famfo ba. Abin da ya wajaba shi ne a riƙa auna ruwan kowace sabuwar rijiya. Amma man goge baki shafawa a ke yi a tofar, ba sha ba. Ga ɗan ƙasa da shekara 3, gwargwadon ƙwayar shinkafa ya isa. Daga 3 zuwa 6, kamar ƙaramar ƙwayar wake. Kuma babba ne zai matsa masa.

Game da baƙin da SDF ke sawa, a gaya wa iyaye tun kafin a shafa, a bar musu zaɓi, musamman a haƙoran gaba. Muna kyautata zaton mafi yawansu za su zaɓi baƙin haƙori marar ciwo bisa ga kumburarren kunci.

Shawararmu

Ga malaman ƙananan hukumomi da na ma'aikatun lafiya: a buɗe wa haƙoran yara layinsu a kasafi, ko da ƙarami ne, a kuma ɗaure shi na shekara 5 aƙalla, kada a soke shi don bai nuna riba a shekarar farko ba. A sa SDF da simintin ciko cikin kayan ƙananan asibitoci, a horar da ma'aikatan da ke wurin a ƙarƙashin kulawar likitan haƙori. Nijeriya ta ƙaddamar da manufarta ta lafiyar baki tun 2012, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusu don lafiya matakin farko. Ƙofar tana nan, sai a shiga. Dokar kuɗi ta 2021 ta sanya harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai zaƙi. Adalci ne a ce wani yanki na abin da sukari ya tara a kashe shi wajen gyara ɓarnar sukari.

Ga ma'aikatan asibiti: uwa tana kawo ɗanta allurar ƙyanda yana wata 9, ta sake kawo shi yana wata 15. A lokacin haƙoran gaba sun fito. Ɗaga leɓen yaro a duba gindin haƙoransa ba ya cin minti ɗaya. A nan ne za a gaya wa uwa kada ta sa sukari a fida, kada ta kwantar da shi da ita a baki, ta soma goge masa haƙori tun ranar da na farko ya leƙo, safe da dare, na daren ya fi muhimmanci.

Ga malaman makaranta: dā can duba farce da haƙora a taron safe yana cikin aikin malami, kuma ba a ɗauke shi ƙasƙanci ba. A farfaɗo da shi. A azuzuwan ƙanana a keɓe 'yan mintoci kullum don goge baki, kowane yaro da buroshinsa mai alama, a ajiye su a tsaye ba su taɓa juna. Ba a bukatar ruwa mai yawa, domin ka'idar ita ce a tofar, kada a kurkure. Tun da yaranmu da yawa ba su zuwa makarantar reno, a jawo makarantun Islamiyya da na allo cikin shirin. A kuma zauna da masu talla a ƙofar makaranta, a ƙarfafa musu sayar da gyaɗa da ƙosai da ayaba maimakon minti. Kowane malami ya riƙa rubuta kwanakin da yara suka yi fashi saboda ciwon haƙori, domin da irin wannan lissafi a ke shawo kan mai riƙe da baitulmali.

Yaron da bakinsa ya riga ya lalace, a kai shi asibiti yau, kada a jira gobe, kuma ya kamata hukuma ta sauƙaƙa wa iyayensa kuɗin. Amma hukumar da ta tsaya a nan kaɗai za ta riƙa biyan kuɗi mafi tsada don amfani mafi ƙanƙanta, kowace shekara, layin kuma yana ƙara tsawo. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Allah ya ba shugabanninmu ikon dubawa, ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya, amin.